Yinin Magini a Birnin Zazzau

Masu yawon ganin gari iri biyu ne. Akwai mai kallo kurum, wanda zai zaga tun hantsi har magariba, ya koma masauki da ƙura da gajiya, in an tambaye shi abin da ya gani ya ce gari ne babba mai yawan motoci. Akwai kuma wanda ya taho da wata tambaya ƙunshe a ransa, yana fatan garin ya amsa masa ita. Sau da yawa mutum biyu sukan jera a hanya guda, su tsaya a wuri guda, amma abin da kowannensu ya gani dabam. Haka ta kasance ga wasu abokai biyu, Sani da Habibu, a wata Asabar cikin watan Disamba na 2022.

Su biyun 'yan Bakori ne, tare suka yi makarantar allo, tare aka sa su firamare, tare kuma suka shiga sakandare. Suna aji biyar Allah ya yi wa mahaifin Sani rasuwa, ya bar mata da 'ya'ya ƙanana. Gidansu kuwa gidan magina ne tun kaka da kakanni, saboda haka Sani ya ajiye littafi ya ɗauki sana'ar gado. Sai dai ya tarar sana'ar ta sake kama. Ba mai kiran magini ya yi masa soro da tubali, sai fa katangar bayan gida ko rumbu. Abin da ake nema shi ne mai jera bulo da siminti, shi kuwa ya koya, har ya gwanance. Habibu ya ci gaba da karatu, ya sami shiga Jami'ar Ahmadu Bello, sashen koyon aikin lauya da ke Kongo, ya kama ɗaki a Gyallesu.

Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, shi ya sake haɗa su. Da zaman gida ya ishi Habibu sai ya riƙa bin abokinsa wurin aiki yana miƙa masa kwaɓi. A nan ya ga yadda Sani kan dubi fili ya faɗi yawan bulon da zai ci, a zo a lissafa a takarda a tarar bai yi kuskuren a-zo-a-gani ba. Tun daga lokacin ya ƙudura a ransa cewa lalle wannan kai bai kamata ya ƙare a kan tsani ba. Don haka da ya gayyace shi Zariya, niyyarsa ita ce ya kai shi Samaru, ya nuna masa jami'a, ko ransa ya biya ya koma makaranta. Shi ma Sani yana da tasa niyyar wadda bai faɗa ba. Mahaifinsa ya taɓa zuwa Zariya sau ɗaya yana saurayi, ya kuwa rayu yana ba da labarin Masallacin Juma'a na birni, yana cewa magini bai san iyakar abin da ƙasa za ta iya ba sai ya tsaya a ƙarƙashin rufinsa. Sani yana so ya gani da idonsa ko sana'ar da ubansa ya mutu yana alfahari da ita abin alfaharin ce, ko kuwa son gado ne kawai irin na tsofaffi.

Ran Juma'a da yamma ya shigo ta hanyar Funtuwa, ya wuce Giwa da Shika da Samaru, ya sauka a Kwangila, abokinsa ya tarye shi suka yi Gyallesu. Unguwa ce a yankin Tudun Wada, jingine da Kongo da kuma makarantar da a lokacin ake kira Kwalejin Horon Malamai ta Tarayya. Kusancinta da waɗannan makarantu ya sa ɗalibai suka cika ta, har in mutum ya zauna a teburin mai shayi da dare zai ji harsuna da yawa na ƙasar nan kafin ya shanye kofi guda. Ita kanta Tudun Wada zamanin Turawa ne ya haife ta. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya a 1911, sai aka keɓe Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa mutanen Kudu, aka kuma keɓe Tudun Wada domin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan birni ba. Watau tun asali wuri ne na baƙi, har yanzu kuma bai bar halinsa ba.

Gari ya waye da hazo da sanyin hunturu. Suna shan koko da ƙosai Habibu ya ce, “Malam Sani, yau sai Samaru. Zan nuna maka gine-ginen da za ka ɗaga kai har hularka ta faɗi.”

Sani ya ce, “Lauya, ai na gan su jiya ta tagar mota. Siminti ne da rodi, kullum a cikinsu nake. Ni birni na zo gani.”

Suka ɗan ja, daga baya suka shirya a kan birni da safe, Samaru da la'asar. Habibu ya yarda ne don baƙo ba a yi masa gardama, amma shi a ganinsa ba abin da ke cikin birni sai lunguna da ƙura.

Suka hau keken haya mai ƙafa uku suka sauka a Ƙofar Doka. Ita ce ƙofar da mai fitowa daga Tudun Wada ya fi bi, tana kuwa cikin ƙofofin birnin tare da irin su Kuyambana da Gayan da Kona da Bai da Jatau da Kibo da Galadima da Tukur-Tukur. Sani bai daɗe a kanta ba, da yake ginin zamani ne. Ya ja abokinsa suka bi gefe har suka sami wani guntun ganuwa da ya saura, ya zama tudu, awaki suna hawa. Habibu ya shiga ba shi abin da ya riƙe na tarihi, na Bakwa Turunku da 'ya'yanta Amina da Zariya, da yadda ake danganta ganuwoyi da yawa na ƙasar Hausa ga Amina. Sani yana saurare, amma hannunsa yana kan ƙasar. Ya ɓantaro kaɗan ya murje, ya auna faɗin gindin da taku, sa'an nan ya nuna wa abokinsa ramukan da masu ɗibar ƙasa suka bari. Ya ce ruwan sama bai taɓa cinye ganuwa shi kaɗai ba, domin ruwan da ake yi yanzu shi ake yi a da. Abin da ya riƙe ta shi ne kowace shekara bayan damina ana fitowa a gyara inda ya zube. Ran da aka daina fitowa, ran nan ta fara mutuwa.

Daga nan suka kutsa cikin birni a ƙasa. Suka bi ta ƙarƙashin rimayen da aka san Zariya da su, suka wuce zauruka inda maza ke zaune bisa tabarmi, kowa da allura a hannu, ana ɗinkin hula da aikin babbar riga, aska biyu da aska takwas. A wasu zaurukan kuma malami ne a kan buzu, magidanta sun kewaye shi da littattafai, gama tun kafin a san boko ake barin garuruwa masu nisa a zo Zazzau neman ilmi, musamman na nahawu da lugga. Sani bai wuce tsohon gida ba sai ya tsaya. Ya nuna zankwayen da ke bisa kusurwa, da indararon da ke fitar da ruwa daga rufi, da inda aka shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa don ta kare shi daga ruwa. Habibu ya shekara uku yana ratsa waɗannan lunguna in zai je gaishe da wani ɗan'uwansu, amma ran nan ne ya fara jin sunayen abubuwan da yake wucewa.

Da suka fito filin fada sai magana ta koma bakin Habibu. Ya bayyana masa cewa bayan jihadi Malam Musa ne ya zo da tuta, Sarki Makau ya fice ya yi kudu, 'yan'uwansa suka kafa Abuja ta asali wadda yanzu ake kira Suleja. Tun daga nan sarautar ta riƙa zagawa tsakanin gidaje huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Ya ce Sarki Shehu Idris ya yi shekara 45 a kan gado, daga 1975 zuwa 2020, da ya rasu aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli, sarauta ta koma gidan Mallawa bayan shekara 100, domin rabonsu da ita tun da Turawa suka tuɓe Aliyu ɗan Sidi, sarkin nan mawaƙi, a 1920 suka kai shi Lakwaja. Sani ya yaba da adon ƙofar fada, ya kalli dogarai da jajayen rigunansu, amma hankalinsa yana can gefe guda inda masallaci yake.

Da farko gwiwarsa ta yi sanyi, don abin da ya gani daga waje gini ne na siminti irin wanda ya saba gani. Ashe a cikin shekarun 1970 ne aka yi sabon gini ya lulluɓe tsohon, kamar yadda akan sa wa tsohon littafi sabon bango. Aka kira azahar, suka yi alwala suka shiga. Bayan an sallame jama'a ta watse, Sani ya ɗaga kai, ya daɗe bai ce uffan ba.

An gina wannan masallaci ne a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, maginin kuwa shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, har yau kuma akwai unguwa mai wannan suna a cikin birnin. Kayan aikinsa su ne ƙasa da ruwa da ciyawa da igiya da azara, watau tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba. Matsalar azara ita ce gajarta, ba ta iya haye ɗaki mai faɗi ita kaɗai ba tare da ta lanƙwashe ba. Dabarar da magina suka yi ita ce bakan gizo. Za a kafa azara a jikin ginshiƙi ta ɗan leƙo waje, a ɗaure, a yaɓe da ƙasa, a jira ta bushe, sa'an nan a ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa. Haka za a yi ta yi daga ɓangarorin biyu, hawa bisa hawa, har su haɗu a tsakiya. A kan waɗannan bakuna ake shimfiɗa rufi ya tashi ya yi tulluwa. Duk wannan Sani ya san shi da ka, ya ma taɓa ganin ƙananansa a tsofaffin zaurukan garinsu. Abin da bai taɓa gani ba shi ne bakuna masu wannan tsawo suna tashi daga ginshiƙai masu kauri, suna ratsa juna a sama, kowane ginshiƙi da irin zanen da aka yi masa da hannu tun ƙasa tana ɗanya.

Ya zaro ɗan littafin da yake lissafin bulo a ciki, ya shiga zanawa. Ya auna tsakanin ginshiƙai da taku, ya rungumi ɗaya don ya san kaurinsa, ya ƙirga bakunan da suka taru a kansa. Wani dattijo da ke lazimi a jikin bango ya daɗe yana kallonsa, da ya shafa sai ya ce, “Samari, daga ina?”

Suka durƙusa suka gaishe shi. Sani ya ce, “Allah gafarta Malam, daga Bakori muke.”

Dattijo ya ce, “Kai ɗan magina ne. Kowa ya shigo nan sahu yake dubawa, magini ne kaɗai kan fara da rufi.”

Ya zaunar da su ya ba su labarin da ake bayarwa a gari, cewa wai Babban Gwani da dare yake aikinsa, kuma wai bayan ya gama wannan ya je ya gina wani a Birnin Gwari, sarkin can ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Habibu ya tambaya ko akwai shaida a kan haka. Dattijo ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, labarin kaka ba a kai shi gaban alƙali. Abin da ba ya bukatar shaida shi ne wanda ke bisa kanka.” Sa'an nan ya juya ga Sani ya ce ginin ƙasa kamar tsoho yake, yana son a riƙa leƙa shi ana tambayar lafiyarsa, masu jin maganarsa kuwa suna ta ƙarewa.

Suka fito suka sha fura da nono a bakin kasuwa, suka hau babur zuwa Wusasa, a gindin dutsen Kufena. Can ne 'yan mishan suka koma a wajejen 1929, bayan Likita Mila ya zauna a cikin birni tun 1905, kuma a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Abin da ya kai su shi ne tsohon cocin da aka gina a 1929 da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa. Sani ya duba ya ce wannan hannun magina Hausawa ne, ko ba a faɗa masa ba, domin ɗaurin iri ɗaya ne da wanda ya baro a birni. Ya yi mamakin yadda Turawa, waɗanda suka kawo siminti da kwano, suka ga darajar ƙasa har suka yi ɗakin ibadarsu da ita, alhali kuwa yau ko mai ƙaramin ƙarfi a Bakori kunya yake ji a ce gidansa na ƙasa ne.

A hanyarsu ta komawa suka bi ta Tudun Jukun, Habibu ya nuna masa ginin Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, inda aka daɗe ana buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita. Ya tuna masa da littattafan da suka karanta a firamare, irin su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, ya ce daga garin nan suka fito. Sani ya ce ashe Zariya ta iya adana magana a takarda, saura ta adana abin da ke hannun mutane.

Sai da la'asar ta yi sanyi suka isa Samaru. Habibu ya zaga da shi harabar jami'ar da aka buɗe a 1962, ya nuna masa dogon ginin hukumar gudanarwa da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, ya kai shi sashen da ake koyar da zanen gine-gine. A nan ya fito da abin da ke ransa. Ya ce, “Sani, tsakani da Allah, ƙwaƙwalwarka ta fi tawa. Ka koma ka rubuta jarrabawar da ka bari. In nan ta yi nisa, ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, ana koyar da aikin gini. Shekara nawa za ka yi kana jera bulon wasu?”

Sani ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Na san don wannan ka kira ni, na kuwa gode. Amma ka san Inna, ka san yaran nan huɗu, ba wanda zai ci takardar shaida a cikinsu. Ban ce ba zan yi ba. Abin da na ɗauka yau dai shi ne, Baba bai yi ƙarya ba. Akwai ƙanensa a gida, Baba Ƙarami, shi kaɗai ya rage a danginmu da ya taɓa ɗaura bakan gizo, ga shi ido ya fara yi masa nauyi. Makarantarku tana nan ba inda za ta, tasa kuwa ba ta da tabbas. Bari in fara da wadda za a riga rufewa.”

Habibu bai sami abin cewa ba. Ya zo da hujjojinsa a shirye kamar mai shiga kotu, sai ya tarar ƙarar da aka shigar dabam ce. Suka koma Gyallesu bayan isha, kowa da abin da yake juyawa a zuciya, washegari Sani ya hau mota ya koma Bakori.

Wata takwas bayan wannan yini, ran Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na masallacin ya rufta a kan masallata, aka yi rashin rayuka, wasu kuma suka ji rauni. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Da labari ya kai Bakori, Sani ya ɗauko ɗan littafinsa ya kai wa Baba Ƙarami, wanda a lokacin suke tsakiyar ɗaura rufin wani zaure tare, tsoho yana faɗa daga ƙasa, yaro yana aikatawa a sama. Shafi bakwai ne kacal na zane da ƙirgen taku, a tsakanin lissafin bulo da bashin siminti.

Ba a ce ilmin wannan gini ya salwanta ba. Masana sun auna shi sun zana shi tun da daɗewa, har an gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Sai dai galibin abin da aka rubuta da Turanci aka rubuta shi, mutanen da suka gaji sana'ar kuwa da Hausa suke aikinta. Kalmomi irin su tubali da azara da bakan gizo da ɗaurin guga da tulluwa da makuba da laso suna raye ne muddin akwai hannun da ke aikata abin da suke nufi. In hannun ya tafi, za su koma baƙaƙe a ƙamus, a riƙa fassara su da kame-kame. Ɗalibin Hausa da ke neman abin da zai yi kundi a kansa yakan ɗauka sai ya yi doguwar tafiya, alhali tsakanin Gyallesu da Unguwar Babban Gwani bai kai tafiyar sa'a guda ba. Tsofaffin magina suna nan a zaurukansu, a Zariya da Kano da Katsina da ƙauyukan da ke kewaye da su, kuma mafi yawansu ba wanda ya taɓa zama gabansu da alƙalami ya tambaye su yadda ake jiƙa makuba, ko kwana nawa ake jira kafin a ɗora azara ta biyu.